Sunan Yanka a Gidan Zu

Rana ta uku ga Babbar Sallah, bayan la'asar, Inna Zara ta ce za ta leƙa rumfarta ta turaren wuta a kasuwar Sabon Gari. Ta goya jikarta, ta naɗa lafaya, ta rataya jakar yarinyar a kafaɗa.

Ruwaida, matar ɗanta, tana tsakar gida tana juya naman layya a cikin mai. Ta ɗago.

"Inna, kasuwa da Sallah? Ki bar min ita mana. Ga hadari can a gabas."

"Gishiri na goya da ruwa zai narkar?"

"Ba haka nake nufi ba. Jawahir, sauko ki zo wajen..."

Inna Zara ta juyo ta zuba mata ido har sai da man ya fara ƙauri.

Jawahir sunan mahaifiyar Inna Zara ne, wadda ta rasu shekara talatin da suka wuce. Shi aka raɗa wa yarinyar ranar suna. Duk gidan nan na Rijiyar Lemo Ummi ake kiran ta, don ba mai hankalin da zai kama sunan uwar mai gida a gabanta. Ita kanta Inna Zara, shekara sittin da bakwai a duniya, sunan nan bai taɓa ratsa haƙoranta ba. Ruwaida kaɗai ke kiran sa gatsal, safe da yamma, wai ai sunan 'yarta ne, kuma a makaranta ma da shi za a kira ta.

"Ki ci gaba," in ji Inna Zara. "Wanda ya koya miki karatu bai koya miki kunya ba."

Ta fice.

Ba kasuwa za ta ba. Ummi shekararta biyu da wata bakwai, ba ta taɓa taka ƙasa ba. Baki kam akwai shi, ga surutu kamar rediyo, amma in za ta je wuri sai ta ja gindi. Duk Talata Ruwaida na kai ta asibiti gashin ƙashi, a dawo da takardu, ƙafa tana nan yadda take. Inna Zara kuwa ta san abin da aka yi wa ƙanenta tun suna yara: gardi ya zo unguwa, aka ɗora yaron a bayan kura, kafin sati ya zagayo yana bin kaji da gudu. Da ta faɗa a gida Ruwaida ta yi dariya, ta ce jahilci ne. To, tun jajiberi wata mota mai lasifika ke zagaya Fagge tana shelar shirin Sallah na wani ƙaramin gidan zu. Ba babban nan na gari ba, na wani ɗan kasuwa ne, can ƙarshen Sabon Gari. Akwai hawan raƙumi, da ba jimina abinci, da hoto da mesa. Akwai gardi da kurarsa, kwana biyar kacal.

Ɗan sahu ya ɓata mata lokaci a cunkoson shataletalen Bata. Kafin su ratsa shagunan kayan mota su kai ƙofar, rana ta yi sanyi, gabas ta yi baƙi.

A bakin ƙofa akwai tebur, da wata budurwa mai suna Ifeoma a rubuce a ƙirjinta. Hausarta ta Kano ce tsantsa.

"Sannu Mama, barka da Sallah. Layin me za ta shiga?"

"Kura."

"Sunanta?"

"Ummi."

Ifeoma ta ajiye biro. "Mama, Ummi goma sha huɗu na rubuta tun safe. In aka kira Ummi a lasifika rabin gidan nan ne zai taso. Sunan yanka nake so."

"Ke 'yar nan, ba a garin nan aka haife ki ba? Sunan uwata ne."

"A nan aka haife ni, na sani sarai. To ni ya zan yi? Tsarin bana ne. Ba suna, ba layi."

Na baya suka fara tsaki. Inna Zara ta zura hannu a jaka, ta laluba ƙarƙashin wanduna da kwalbar ruwa, ta zaro katin asibitin yarinyar ta wurga a tebur.

"Ga shi nan. Karanta da idonki, kada ki karanta min."

Ifeoma ta kwafe sunan a wata takarda ta miƙa ciki, ta sake rubuta shi a wani ɗan kati ja, ta maƙala a rigar Ummi da fil.

Ciki ya cika da yara cikin kayan Sallah. Ƙamshin gugguru ya gauraye da warin kashin dabbobi da na koren ruwan kada. Wani zaki ramamme yana kwance ya ba mutane baya. Birai na ƙwace rake a hannun yara, iyaye na ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Can tsakiyar fili ganga ke tashi, layin kura ya miƙe har ya lanƙwasa. Ana kiran suna a lasifika, uwa ta kai ɗanta, gardi ya ɗora shi ya zagaya da shi sau uku.

Inna Zara ce ta ƙarshe a layin.

Wani dattijo mai shuɗiyar rigar aiki ya zo wucewa da baro cike da ragowar naman layya, ƙudaje na bin sa. Ya kalli yarinyar, ya kalli jan katin, ya kalli sama. Ya sauke baron.

"Hajiya, ki cire katin nan ki koma gida. Ki dawo gobe da safe."

"Kai ne mai gidan?"

"Obadiah sunana. Ni ke ba su abinci."

"To je ka ba su."

Ya matso ya rage murya. "Shekara ashirin da shida ina aikin nan. Na gaya wa na ofis kada a riƙa kiran sunan yara da ƙarfi in rana ta karkata. Suka ce ba a sa ni a kwamiti ba. Yaran safe ba ruwansu. Taki ce za ta faɗo daf da magariba."

"Wa zai ji?"

Ya nuna da haɓa. A ƙarshen jerin kejin, inda ba fitila ba mutane, akwai wani tsohon keji a gindin tsamiya. Ƙarafunansa sun yi tsatsa. Ba allon suna a jikinsa. An naɗe ƙofarsa da waya.

"Me ke ciki?"

"Ba komai."

"To tsoron me kake ba ni?"

"Kullum yamma cinya guda nake jefawa. Ban taɓa dawowa na tarar da ko ƙashi ba."

"Ɓeraye."

"To. Ɓeraye."

"Ka ga Malam, ƙafar jikata na zo nema, ban zo wa'azin mai kwashe kashi ba. A gida wata ta ce min jahila, a nan ma sai kai? Ja baronka."

Ya ja baronsa. Amma bai yi nisa ba.

Layi ya riƙa raguwa. Iska ta taso tana kwasar ledoji. Iyaye suka fara tattara 'ya'yansu suna duban hadari. Mai gugguru ya kife kwanonsa. Mai raƙumi ya ja raƙuminsa ya shige. Fili ya koma saura mutum biyar, saura uku, saura ita.

Lasifika ta yi ƙara kamar an murɗe wuyan ƙarfe.

"Jawahir Abdulnasir! Jawahir! Ina Jawahir?"

Sau uku. Inna Zara ta runtse ido, kamar an tsirara ta a kasuwa.

Da ta buɗe, wurin ya yi tsit.

Birai sun daina kuka. Tsuntsaye sun yi shiru. Zakin nan da ya wuni bai motsa ba ya miƙe tsaye, ya koma lungun kejinsa ya manne da bango.

Gardin, wani ƙato mai suna Abdulgani, ya sha layu har gwiwar hannu. Ya karɓi Ummi ya ɗora ta a bayan kurar, hannunsa ɗaya riƙe da sarƙa. Kurar na da takunkumi, gashinta ya yi cibiri-cibiri, warinta kamar tsohuwar mahauta. Ummi ta damƙi gashin wuyanta tana dariya. Mai ganga ya buga.

Kurar ta yi taku biyu ta tsaya. Ta juya kai wajen tsamiya. Ta cusa wutsiya, ta kwanta ruf da ciki, fitsari na bin ƙafarta.

Abdulgani ya fizge yarinyar ya danna wa Inna Zara.

"Hajiya, karɓi 'yarki. Kama hanya."

"Sauran yara zagaye uku ka yi musu. Ita a me ta gaza?"

"Shekara tara muna tare da dabbar nan, ban taɓa ganin ta yi fitsarin tsoro ba. Na ce ki kama hanya!"

Ya ja kurarsa tana turjewa, mai ganga na biye da shi har da ɗan gudu. Janareta ya yi tari ya mutu. Fitilu suka ɗauke.

Inna Zara ta yi tsaki, ta zage su har iyayensu. Ta zaunar da Ummi a ƙasa kusa da wani benci don ta kakkaɓe zanin goyo. Juyawa ɗaya ta yi.

"Jawahir."

A hankali aka faɗa. Ba daga lasifika ba. Lasifika ta mutu da janareta.

Ta waiga.

Ummi na tsaye.

Tsaye da ƙafafunta biyu, ba ta dafa komai ba. Ta ɗaga ta dama ta ajiye. Ta ɗaga ta hagu. Takalmin Sallarta da bai taɓa shan ƙasa ba ya yi ƙas a kan tsakuwa.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna Zara, hawaye na cika mata ido. "Alhamdu..."

Sai ta ga inda yarinyar ta dosa.

"Jawahir. Zo."

Daga gindin tsamiya.

Inna Zara ta yunƙura za ta bi ta. Ƙafafunta suka ƙi. Tun daga ƙugu har tafin sawu kamar buhunan yashi. Ta zube. Ta dafa ƙasa da hannu biyu ta fara jan gindi, yadda jikarta ta shekara biyu tana yi a tsakar gida.

"Ummi! Ummi, dawo!"

Ko waige.

"Mamana! Uwata! Zo ki karɓi alawa!"

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Takun ba na mai koyo ba ne. Ba tangaɗi, ba faɗuwa.

Wayar da ke ƙofar kejin ta fara warwarewa. Ba hannu a wurin. Zagaye ɗaya ya saki, ya yi ƙara siririya. Na biyu ya saki.

Wani ya durƙusa a gefenta. Obadiah ne, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Hajiya," ya raɗa, "da sunan da aka kama ta za ki kira ta."

"Kira ta kai!"

"Ba ta san muryata ba. Taki ta sani."

"Ba zan iya ba."

"To ki yi mata sallama."

Iska ta juyo daga wajen kejin. Inna Zara ta jira warin mushe. Ba shi ya zo ba.

Ƙamshi ne. Sandal da farce da kajiji, da ɗan ƙaurin sukari da aka bari ya wuce wuta. Shekara arba'in tana haɗa turare, ba ta taɓa iya fitar da wannan ba. Mutum ɗaya ke haɗa shi, mahaifiyarta. Ita kuwa ta wanke gawarta da hannunta.

Zagaye na uku ya saki.

Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu.

Ciki duhu ne, duhun da ya fi na hadari. A cikin duhun wani abu ya gyara tsayuwa. Gabansa ya fi bayansa tudu.

Saura taku biyar.

Huɗu.

Ummi ta miƙa hannu, yadda take yi in tana so a ɗauke ta.

Inna Zara ta buɗe baki. Harshenta ya yi nauyi. Ta ji kamar za ta tofa wa kabari yawu.

"JAWAHIR!"

Yarinyar ta tsaya cak. Ta juyo.

"Na'am, Inna?"

Daga cikin kejin ma aka amsa.

"Na'am."

Da ɗan tarin nan a ƙarshe. Tarin mai yawan zama kan hayaƙi.

"Zara."

Muryar uwarta ce.

"Zara, ke ce yau kike kama sunana a gaban mutane?"

Obadiah ya danne mata kafaɗa, yana girgiza kai.

"Matso in ga bakin da ya faɗa."

Hannunta ya ɗaga da kansa ya dafa ƙasa a gaba. Ɗayan ma ya bi.

Obadiah ya zabura. Ya kama baron ya tura shi da gudu, ya wuce yarinyar, ya kifar da shi gaba ɗaya a bakin kejin. Nama ya zube, kawuna da ƙafafu da kayan ciki. Ya suri Ummi da hannu ɗaya ya juyo.

Bayansa aka fara taunawa.

Ƙurus. Ƙurus.

Can bayan katanga wani ladan ya ɗaga murya. Allahu akbar. Wani ya karɓa daga nesa.

Ƙafar dama ta Inna Zara ta saki. Ta hagu ta saki rabi. Ta miƙe da ƙyar, ta fizgi jikarta ta rungume.

"Katin," in ji Obadiah. Ya tsinke shi daga rigar har da yadin, ya cusa a aljihunsa. "Kada ki fita da shi. Kada ki waiga. In an kira, ba da ke ake ba."

"Kai fa?"

"Ni sai na mayar da waya."

Ta kama hanya tana jan ƙafa ɗaya. Ta wuce birai, sun cure wuri guda. Ta wuce jimina. Taunawar ta tsaya.

Sai taku a bayanta. Uku masu nauyi, ɗaya ana ja.

Ƙamshin ya matso har ƙeyarta.

"Zara. Ko sallama babu?"

Ummi ta leƙa ta kan kafaɗarta ta ɗaga hannu.

Inna Zara ta danne kan yarinyar a ƙirjinta. Tana karanta Ayatul Kursiyyu tana ɓatawa tana sakewa.

Ifeoma na bakin ƙofa, ta buɗe ɓari ɗaya, ɗayan hannunta damƙe da gicciyen wuyanta. Ba Inna Zara take kallo ba. Bayanta take kallo.

"Mama, yi sauri. Don Allah yi sauri."

Inna Zara ta tsallake. Ƙofar ƙarfe ta bugu. Wani abu ya jingina da ita daga ciki har ta lotsa.

Ruwa ya kece.

Sun isa Rijiyar Lemo a jiƙe sharkaf. Ruwaida na tsaye a soro da waya a hannu, ta shirya faɗa. Inna Zara ta sauke yarinyar a ƙasa. Ummi ta taka ta je ta rungume ƙafar uwarta.

Ruwaida ta ƙwalla ihu har maƙwabta suka shigo. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce ai likita ya faɗa, gashin ƙashi sai da haƙuri. Ta faɗa da ƙarfi, tana kallon surukarta. Da ta zo cire wa yarinyar riga ta yamutsa fuska.

"Inna, wane wari ne wannan? Kuma me ya yaga mata riga?"

"Kasuwa."

Ƙafar hagun Inna Zara ba ta dawo ba. Da sanda take zuwa rumfa yanzu. Ranar da aka gama shirin Sallah na gidan zu ta haɗa turare kwalba guda ta aika wa Obadiah ta hannun wani ɗan sahu. Ɗan sahun ya dawo mata da saƙo: ya gode, yana nan lafiya, kuma cinya biyu yake jefawa yanzu.

Ta hana Ruwaida kiran sunan bayan la'asar. Ba ta faɗi dalili ba, don ta san dariya za a yi. Ruwaida ta ce to, irin to ɗin da ba ya wuce leɓe.

Bayan kwana tara, rana ta faɗi, ana shirin kiran salla. Inna Zara na alwala a bakin rariya. Ummi na wasa da murfin tukunya a gabanta. Ruwaida na madafa.

"Jawahir! Zo ki karɓi tuwonki!"

"Na'am!" in ji Ummi.

"Na'am," aka ce daga soro. Da ɗan tari.

Ludayi ya faɗi a madafa.

Ruwaida ta fito a hankali, hannunta duk miya. Ta kalli 'yarta. Ta kalli soro, ba kowa sai labule na motsi. Ta shaƙi iska, ta sake shaƙa.

"Inna," ta ce, muryarta a ƙasa. "Turare kika sa?"

"A'a."

"Wa ya amsa?"

Inna Zara ta ƙarasa wanke ƙafarta, mai lafiyar da marar lafiyar. Ta ajiye buta.

"Ɗauki 'yarki. Sa sakata. Gobe ma ki kira."

Ruwaida ba ta sake kira ba. Da lokacin makaranta ya yi, ita da kanta ta je ta tsaya a kan malamar har sai da aka rubuta Ummi a rajista. Gidan ya koma yadda Inna Zara ta daɗe tana so, ba mai kama sunan uwarta. Ba wanda ya taɓa jin ta yi alfahari da hakan.